Minti Huɗu a Agogon Kawu Mijinyawa

A Sabon Gari, bayan tashar jirgi,
inda ƙarfen dogo ke tsatsa cikin ciyawa,
nan Kawu Mijinyawa ke gyaran agogo.
Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba,
agogo talatin a jikin bango,
kowanne da irin ƙaryar da yake yi wa lokaci.

Gwangwanin na can saman kanta, murfinsa a lotse.
Wani direban jirgi ya bar shi a bakin kuɗin gyara.
Ran da na fara buɗewa, ƙamshi ya tare ni:
ba lemon tsami ba, ba na zaƙi ba,
wani ɗan'uwansu ne da ya daɗe a tafiya
har ya koyi shafa turare.
Bagamot, in ji Kawu,
yana juya sunan a baki kamar baƙon goro.
Ɗan ba ya ciyuwa don ɗaci,
man ɓawonsa ake shafa wa baƙin ganye.

Ni kuwa 'yar Tudun Wada ce.
Shayin da na sani na Ɗantani ne a bakin titi:
a dafa shi har ya gaji,
citta, kanumfari, madarar gwangwani,
sukari har cokali ya nemi tsayawa da ƙafarsa.
Haka na yi wa ganyen Kawu.
Ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye,
ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa na dama.
Tasalla, ya ce, kin yi wa baƙo ihu a kunne.

Washegari marka ta tsare mu.
Ruwa na dukan kwano, Kufena ta shige gajimare,
ba mai kawo gyara.
Ya ce: zauna.
Ɗebo sabon ruwa, ba wanda ya kwana a buta ba.
In ya tafasa, sauke, bar shi ya huce fushi kaɗan.
Ɗauraye kofin da mai zafi,
ba a sauke baƙo a ɗaki mai sanyi.
Ganye cokali guda. Zuba ruwa. Rufe.
Sai ya kwance agogon hannunsa
ya ajiye tsakaninmu.
Minti huɗu.
A na uku bai gama gaisuwa ba,
a na biyar ya fara baƙar magana.

Muka yi shiru.
Ban taɓa sanin minti huɗu na da faɗi haka ba:
na ji ɗigon indararo a tsohon bokiti,
na ji agogo talatin suna musu,
na ji numfashin Kawu yana ɗan kamawa a ƙirji.

Hanci ke fara sha, ya ce, baki na biye.
Sukari rabin cokali, in ya zama dole.
Na ce madara fa?
Ya dube ni kawai,
ya gutsuro alkaki ya miƙo mini.

Bana gwangwanin ya ƙare.
Yana ta rufe idon Kawu,
agogunan bango sun tsaya ɗaya bayan ɗaya.
Na zaga kantunan Samaru, na leƙa Kwangila,
kowa sai ya miƙo mini wani kwali daban.
Sai na fere ɓawon lemon tsami siriri,
na shanya a inuwa,
na cuɗa da ganyen kasuwa,
na rufe a tsohon gwangwanin kwana bakwai
ko zai ari abin da ya saura a jikin ƙarfen.

Na dafa ruwa, na ɗauraye kofi.
Agogon na hannuna yanzu, ni ke ba shi wani.
Minti huɗu cif.

Ya riƙe kofin da hannu biyu,
ya daɗe yana shaƙa.
Ba shi ba ne, ya ce.
Ya kurɓa. Ya sake kurɓa.
Amma ɗan unguwarsu ne.
Ƙaro mini.